Ƙaryar Gwarzo Guda: A Kan Labaran Matasa na Bayan Rugujewar Duniya

Tun daga shekarar 2008, lokacin da marubuciyar Amurka Suzanne Collins ta fitar da littafinta mai suna Hunger Games, wani salon labari ya mamaye kasuwar littattafan matasa a Amurka da Turai. Daga can ya bi ta sinima da talabijin da wayar salula, har ya iso fadar samari a unguwannin Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa. Komai yawan rigunan da aka sauya wa wannan labari, jikinsa ɗaya ne: duniya ta rushe, ko ta hanyar yaƙin nukiliya, ko annoba, ko ƙunar rana, ko mamayar wasu halittu daga sararin samaniya, manya sun mutu ko sun zama azzalumai, an bar yara masu shekara goma sha wani abu su nema wa kansu hanyar tsira a cikin kufai.

A littafin Collins, ƙasar Panem ce ta tsiro a kan tokar Amurka ta Arewa, kuma kowace shekara gundumomi 12 na ba da yara 24, masu shekara 12 zuwa 18, su kashe juna a gaban kyamara har sai guda ya rage. A cikin The Maze Runner na James Dashner (2009), wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Le Labyrinthe, an shafe wa samari tunaninsu an jefa su tsakiyar wani gini mai ruɗaɗɗun hanyoyi, domin wata ƙungiya na gwaji da su wajen neman maganin annoba. A cikin Divergent na Veronica Roth (2011), an kewaye birnin Chicago da shinge, an raba jama'a ƙungiya 5, kowane ɗan shekara 16 sai ya zaɓi tasa. A cikin The 100 na Kass Morgan (2013), wanda ya zama wasan talabijin daga 2014 zuwa 2020, fursunoni matasa 100 aka sauko da su daga tashar sararin samaniya domin a ga ko ƙasa ta sake zaunuwa bayan yaƙin nukiliya. Kasuwa kuwa ta buɗe: littattafan Collins sun wuce kwafi miliyan 100, fina-finai huɗu na farko da aka yi da su sun tara kusan dala biliyan 3 na Amurka.

Ba laifi ba ne a sayar da labari, ba kuma laifi ba ne yaro ya ji daɗinsa. Laifin shi ne yawancin waɗannan labarai sun yi ƙarya a kan babban al'amarin da suka ɗauko, wato yadda ɗan Adam yake tsira idan bala'i ya sauka. Ƙaryar kuwa ba ƙarama ba ce ga ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, inda kuma fari da yunwa da gudun hijira abubuwa ne da kaka da jika suka gani da idanunsu. Abin da yaro ya haddace game da tsira yana kwance a ƙarƙashin itace da waya a hannunsa, shi zai tuna ranar da rumbu ya ƙare.

Ƙarya ta farko ita ce ta gwarzo guda. A kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai akwai wani yaro ko wata yarinya da aka haifa daban da sauran mutane: jininsa na da kariya daga annoba, ko ƙwaƙwalwarta ba ta shiga ma'aunin hukuma, ko ita kaɗai ce jama'a suka ɗauka tutar tawaye. Sauran yaran kuwa an halicce su ne domin su mutu a babi na bakwai, su ba gwarzo dalilin kuka da ɗaukar fansa. Darasin da mai karatu ke fita da shi ke nan: a cikin mutum ɗari, guda ne mai daraja, kuma kowane yaro yana da yaƙinin cewa shi ne gudan. Wannan tunani ya dace da kasuwar da ke sayar wa kowane matashi takalmi da waya da sunan cewa babu kamarsa. Bai dace da rijiya mai gaba ashirin ba, wadda sai an haɗa hannu ake yashe ta. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙarya ta biyu ita ce cewa da zarar hukuma ta faɗi, maƙwabci ya zama kura. Tushen wannan zato a adabin Turawa tsoho ne, kuma babban ginshiƙinsa shi ne littafin William Golding, Lord of the Flies, na shekarar 1954, inda ƴan makarantar Ingila da suka maƙale a tsibiri suka koma farautar junansu. An karantar da shi a makarantu tsawon shekaru kamar wata gaskiya da aka tabbatar game da halin yara, alhali kuwa ƙagen mutum ɗaya ne da ya fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da baƙin ciki a zuciyarsa. Da abin ya faru a zahiri, ga yadda ya kasance. A watan Yuni na 1965 wasu samari shida ƴan makarantar kwana a ƙasar Tonga suka ɗauki kwale-kwale, guguwa ta ɓatar da su, suka yi kwana 8 a kan teku kafin su faɗa tsibirin Ata, inda babu kowa. Sun yi wata 15 a can. Sun raba aiki bibbiyu, sun yi lambu, sun tara ruwan sama, sun riƙe wuta ba ta mutu ba fiye da shekara, da guda ya karya ƙafa suka ɗaura masa har ya warke. A watan Satumba na 1966 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya same su su shida da ransu. Labarinsu ya yi shekaru hamsin kusan a mance, har ɗan tarihin Holand Rutger Bregman ya sake tono shi. Littafin da yara suka kashe juna a ciki ya zaga duniya, ya kuma taimaka wa marubucinsa samun kyautar Nobel a 1983. Yaran da suka ceci juna da gaske babu wanda ya san sunansu a makarantu.

Ba Tonga kaɗai ba. Lokacin da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a watan Agusta na 2005, kafofin labarai sun cika duniya da jita-jitar kashe-kashe a filin wasan da mutane suka fake, daga baya bincike ya nuna yawancinta ba ta da tushe. Abin da ya tabbata shi ne talakawa sun fito da ƙananan jiragen ruwa suna kwashe maƙwabtansu daga kan rufin gidaje, kuma a gadar Danziger ƴan sanda ne suka harbe mutanen da ba su ɗauke da makami, biyu suka mutu. Marubuciya Rebecca Solnit ta tattara irin waɗannan misalai a littafinta na 2009, A Paradise Built in Hell. Tsoron maƙwabci da ake shukawa a cikin labari yana da ƴaƴa a zahiri: wanda ya yarda cewa mai yunwa dabba ne, shi ke fara harbi.

Wannan ba ya nufin bala'i na mai da mutane waliyyai. Wanda ya ga shekarar 2005 a jihar Maradi ya san akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Ya san an sayi shanu da awaki a wulaƙance daga hannun wanda ya rasa yadda zai yi. Ya san ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a faɗin ƙasar a wannan shekara. Mugunta tana nan. Sai dai muguntar lokacin yunwa tana zaune ne a kan buhuna a cikin sito, da littafin bashi a hannunta, tana jiran farashi ya hau. Marubutan da ke zana ta da fenti a fuska da gatari a kafaɗa suna koya wa yaro ya dubi inda ba nan haɗarin yake ba.

Ƙarya ta uku, wadda ta fi sauran tsada, ita ce cewa tsoho ba shi da amfani. A waɗannan littattafai babba iri biyu ne: ko azzalumi mai gwaji da yara, ko rago da ya sallama. Dalilin haka a bayyane yake, domin mai sayen littafin yaro ne da ke jin haushin iyayensa da malamansa, kuma babu abin da ya fi masa daɗi kamar duniyar da aka share masa su. Amma ilimin tsira ba a haihuwar mutum da shi, gadonsa ake yi. A ranar 1 ga Mayu 2023 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a dajin Amazon na ƙasar Kolombiya, manya uku da ke ciki suka rasu, yara huɗu ƴan uwa suka rage, babbarsu tana da shekara 13, ƙaraminsu bai cika shekara ba. Sun yi kwana 40 kafin a same su da rai. Garin rogo da suka ɗauko daga jirgin ya riƙe su kwanaki, sauran kuwa sanin ƴaƴan itatuwan daji ne da babbar ta koya a wurin manyanta. A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Tsohuwa ce ta san kwana nawa ake jiƙa anza ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya fita ta ciyu. Ita ta san jiga da tafasa da ƙwayar ƙarangiya. Tsoho ne ya san inda ake tona a sami ruwa a busasshen kwari. Waɗannan mutane sun ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin iyayensu, sun ga farin 1973 da na 1984 da idanunsu. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Adalci ya wajaba a yi wa Collins a nan, domin ita ta san da wannan. Jarumarta Katniss sunan wani tsiro ne mai saiwa da ake ci, kuma abin da ya ceci gidansu daga yunwa shi ne sanin daji da mahaifinta ya koya mata kafin ya mutu a ramin kwal. Sunan ƙasar ma, Panem, daga tsohuwar maganar Rumawa aka ɗauko shi, wadda ke nufin a ba talakawa gurasa da wasanni su manta da mulki. Marubuciyar ta faɗa da bakinta cewa tunanin ya zo mata ne tana sauya tashoshin talabijin tsakanin wasannin gasa da hotunan yaƙin Iraƙi. Nufinta suka ne. To amma me kasuwa ta yi da sukar? Ta ɗauki kwari da baka ta sa a kan kowane allon talla, ta bar saiwar a ƙasa. Labarin da aka rubuta domin a la'anci masu kallon mutuwar yara don nishaɗi, shi ne miliyoyin mutane suka biya kuɗi suka kalla don nishaɗi, har wani kamfanin kayan kwalliya ya fitar da jan baki da hoda da sunan babban birnin azzaluman. Waɗanda suka biyo bayan Collins kuwa yawancinsu sun kwashi jinin sun bar hikimar.

Akwai ƙarya ta huɗu, wadda ta shafi lokaci da wuri. A waɗannan labarai rugujewa rana ɗaya take zuwa, da ƙara da walƙiya, kuma kusan kullum a Amurka take sauka, kamar in Chicago ta faɗi duniya ta ƙare. Alhali rugujewar gaskiya a hankali take tafiya, kamar gara a cikin azara. Tafkin Cadi yana da faɗin kusan murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ya koma kashi ɗaya cikin goma na haka ko ƙasa da haka, ba tare da an ji ƙarar komai ba. Hatta nukiliyar da marubutan ke tsoratar da yaransu da ita, ba a New York aka gwada ta ba: a ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuma da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, miliyoyin tan na tarkace mai guba aka bari kusa da gidajen mutane a Akokan. Abin da ake sayar wa ɗan Amurka a matsayin mafarki mai ban tsoro na shekaru ɗari masu zuwa, wani yaron a cikinsa aka yanke masa cibiya. Tun daga 1987 dubban yara maza na kudancin Sudan suka taka da ƙafa zuwa Habasha suna gudun yaƙi, daga can zuwa sansanin Kakuma na Kenya a 1992, manyan cikinsu na goya ƙanana. Babu wanda ya zaɓe su, babu kyamarar da ke biye da su.

Abin da ya fi muni shi ne labaran sun tsaya a wurin da aikin gaske yake farawa. Da an kayar da azzalumi sai littafi ya ƙare. Wa zai shuka? Wa zai raba iri? Wa zai sasanta mai gona da mai garke? Amsar waɗannan tambayoyi tana nan a rubuce a kan ƙasa, a jihohin Maradi da Damagaram da Tawa. Bayan farin shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suna rage rassa suna renon masu ƙarfi, aikin da ake kira sassaben zamani, wanda masanin noma Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. A cikin shekaru kusan ashirin, kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin itace, gawo da sauransu, wajen itatuwa miliyan 200. A Adar an farfaɗo da fako da ramukan tassa. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, tsarin asusu da ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Gayya da rumbun tsimi da adashi da haɓɓanaye na Fulani, inda ake ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya har ta haifa masa, duka dabarun tashi ne bayan faɗuwa. Babu gwarzo guda a ciki, shi ya sa Hollywood ba ta gan su ba.

To mene ne magani? Akwai masu cewa a hana yara kallo da karanta irin waɗannan abubuwa, wai shirme ne na Turawa, wai kuma shisshigi ne cikin sanin gaibu. Waɗannan ma sun yi kuskure, kuskure mai sauƙin aikatawa domin ba ya bukatar a karanta ko shafi ɗaya. Labaran ba su yi da'awar sanin ranar tashin alƙiyama ba. Suna magana ne a kan rushewar abin da hannun mutum ya gina, kuma kufan Birnin Lalle da na Alkalawa shaida ne cewa hakan na faruwa. Tunanin abin da bai faru ba kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar da aka reni yara da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, inda tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Ban da haka, hanin ba ya aiki: fim ɗin da ke wucewa daga waya zuwa waya cikin minti biyu ba ya jiran izinin kowa. Yaron da aka hana, kallo zai yi a ɓoye, ba tare da babban da zai tambaye shi abin da ya fahimta ba.

Ƙishin da ke kai matasa ga waɗannan labarai ƙishi ne na gaskiya. Suna ganin damina na rikicewa, suna ganin mai digiri na zaman fada, suna ganin waɗanda rikici ya koro daga Diffa da Tillaberi, suna kuma tambayar abin da manya ba sa son amsawa: in abin ya ƙara lalacewa, yaya za a yi? Mai wannan tambaya ya cancanci littafi mafi kyau, kuma akwai su. Octavia Butler ta rubuta Parable of the Sower a 1993, labarin da ya fara a shekarar 2024, inda yarinya ƴar shekara 15 ta tanadi iri a jakarta, ta kama hanya tana tara marasa galihu ɗaya bayan ɗaya har suka kafa gari. Paolo Bacigalupi a cikin Ship Breaker (2010) ya nuna yaro mai rarrafe a cikin matattun jiragen ruwa yana ciro wayar jan ƙarfe, aikin da mutane ke yi da gaske a Alang ta Indiya da Chittagong ta Bangaladash. Nnedi Okorafor kuwa, Ba'amurkiya ƴar asalin Nijeriya, ta kafa labarinta The Shadow Speaker (2007) a Nijar ta shekarar 2070, da jaruma mai suna Ejii. Abin yabo ne gare ta, abin kunya ne kuma ga masu alƙalami na gida, a ce gobe ta Nijar sai an rubuto ta da Turanci daga hayin teku.

Nauyin yana kan marubutan Hausa da malaman lakkwal da masu buga littattafai. Kayan aikin duk suna nan a ƙofar gida: ayarin yara da ya rabu da iyayensa a hanyar cin rani, garin da rijiyarsa ta ƙafe aka rasa wanda ya san inda tsohuwar take sai wata makauniyar tsohuwa, buhun iri na ƙarshe da dole a zaɓa tsakanin a ci shi yau ko a shuka shi in ruwa ya sauka. Wannan zaɓi na ƙarshe ya fi kowane filin kisa na Panem tsanani, kuma manomin Dakoro ya san shi ba a littafi ba. Malami kuma yana iya sa ɗalibansa su kalli fim ɗin, sannan ya tambaye su wa ya noma abincin da jarumar ta ci, kuma da a garinsu abin ya faru ƙofar wa za su fara bugawa. Muddin ba a rubuta wa yaran nan labarin tsira da harshensu da gaskiyar ƙasarsu ba, za su ci gaba da koyonsa daga waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma ranar da aka shiga matsi za su nemi makami tun kafin su tuna da maƙwabci.